Yadda Ake Neman Baƙin Tsuntsaye a Zariya da Ɗaukar Hotonsu

Tun da sanyi ya fara shigowa tambaya ɗaya ke ta dawo mini: ta ina mutum zai fara idan yana son ganin tsuntsayen nan masu zuwa daga Turai, musamman waɗanda ba kasafai ake cin karo da su ba, har ya ɗauki hoton da masani zai duba ya yarda? Wasu kuma kuɗin kyamara suke fara tambaya. To ga yadda ake yi a kewayen Zariya, daki-daki. Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne, baƙo mai wuyar gani yawanci rabon wanda ya lazimci wuri ɗaya ne har ya san tsuntsayen gidan wurin, ko da kyamararsa ta hannu ce. Mai zagaye daga dam zuwa dutse sau ɗaya a wata da kaya masu tsada, hoton belbela yake komawa gida da shi.

Da yawa daga cikin baƙin nan ba su da tsayayyen suna a bakinmu, don haka zan riƙa ba da sunansu na kimiyya. Idan ka rubuta shi a manhaja ko ka duba bayan littafi, hoton tsuntsun zai fito maka.

1. Zaɓi lokaci

Baƙin tsuntsaye kashi biyu ne. Akwai na cikin Afirka, irin su shamuwa, da ke iso mana da ruwan farko wajen Afrilu zuwa Mayu. Akwai kuma masu ƙetaro Sahara daga Turai da Asiya, su ne nake magana a kansu. Suna fara sauka a Satumba da Oktoba, wasu su zauna da mu rani guda, wasu su wuce kudu, sannan a Maris da Afrilu kowa ya kama hanyar komawa.

Idan masu wuyar gani kake nema, lokaci biyu ne naka: daga ƙarshen Satumba zuwa farkon Nuwamba, sai kuma Maris zuwa Afrilu. A lokutan nan ne masu wucewa ke yada zango na kwana biyu ko uku a inda ba ka saba ganinsu ba. Ni na fi son na bazara, duk da zafinsa. Ruwa ya janye, tsuntsaye sun taru a 'yan wurare kaɗan, mazan kuma sun fara sa launinsu na lokacin aure, wanda ke sauƙaƙa gane su. Disamba da Janairu na agwagin ruwa ne da masu kiwo a bakin taɓo, sai dai hazo kan dishe hoto.

Rana na fitowa a Zariya tsakanin shida da 'yan mintuna da bakwai saura, gwargwadon wata. Ka yi asuba ka fita, hudowarta ta same ka a wurin. Daga nan zuwa wajen ƙarfe goma ne ƙananan tsuntsaye ke kiwo a sarari. Masu farauta irin su shaho sai hantsi ya ɗaga, iska ta ɗumama, suke tashi sama. Bayan la'asar ma akwai awa biyu masu kyau. Ranar da sanyi ya yi tsanani kuma hazo ya rufe gari, ba sai ka yi sammako ba, su ma ba sa motsi da wuri.

2. Haɗa kaya

Madubin hangen nesa shi ne kan gaba, kafin kyamara. Nemi wanda aka rubuta wa 8x42. Lambar farko tana nufin yana jawo abu sau 8, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba ne, milimita 42. Mai 10x42 ya fi jawowa, amma ya fi nuna rawar hannu, kuma yana da wuyar kama tsuntsu a cikin ganye. Sabo mai aminci daga kamfanoni irin su Nikon ko Celestron yana kamawa daga dala 100 zuwa 200, sai ka buga da canjin ranar.

Hattara da na tebur a kasuwa masu jan gilashi da aka buga wa manyan lambobi irin 60x90. Ƙarya ce aka rubuta, kuma ciwon kai za su sa maka. Idan na hannu za ka saya, ka ɗaga shi ka kalli wayar lantarki daga nesa. In ka ga wayar ta rabu biyu, madubin ya taɓa faɗuwa, ajiye masa kayansa. Ka kuma juya shi ka haska cikinsa da fitilar waya, in ka ga wani abu kamar yanar gizo-gizo a jikin gilashin, funfuna ce, ba ta goguwa daga waje.

Da ka saya, ka daidaita shi da idonka sau ɗaya. Rufe gilashin dama da tafin hannu, ka murza keken tsakiya har abin da kake kallo ya fito tar da idon hagu. Sai ka rufe na hagu, ka murza ɗan zoben da ke jikin makallar dama har shi ma ya fito. Daga ranar keken tsakiya kawai za ka riƙa taɓawa.

Kyamara hawa uku ce. Na farko wayarka: ka ɗora idon kyamararta a kan makallar madubin, ka jingina gwiwar hannu a kan wani abu, ka ɗauka. Hoton ba zai yi kyau ba, amma tsuntsun da ke zaune a bakin ruwa zai ganu, kuma ba ka kashe ko kwabo ba. Na biyu su ne kyamarori masu gilashi a manne da ke jawo abu daga nesa sosai, irin Nikon Coolpix P900 da P950 masu jawowa sau 83, ko Canon SX70 mai sau 65. P950 ta fito a 2020 a kan kusan dala 800, ta hannu kuwa ƙasa da haka take. Ga mai farawa wannan hawan nake ba da shawara, domin ba a cire gilashinta, ƙurar hunturu ba ta cika samun ƙofar shiga ba. Rauninta tsuntsu mai tashi da kuma duhun asuba. Na uku babbar kyamara mai canjin gilashi, da gilashin da bai gaza milimita 300 ba, in da hali 150-600 na Sigma ko Tamron, wanda shi kaɗai sabonsa ya kai wajen dala 1,000. Kada ka fara da wannan. Nauyinsa kawai ya isa ya sa ka daina fita.

Sauran ƙananan abubuwa: batir na biyu, katin memori mai sauri, ɗan famfon roba na hure ƙura, ƙyallen goge gilashi, littafin rubutu da fensir, ruwan sha, hula, da takalmi rufaffe. Tufafi su zama masu launin ƙasa ko toka. Farar riga daga nesa tsuntsu ke hango ta. A waya ka sauke Merlin, manhajar gane tsuntsu daga hoto ko kuka, da manhajar Birds of Africa ta African Bird Club, duka kyauta ne, ka kuma sauke bayanan yankinmu tun kana gida, don a fadama ba lallai ka sami sabis ba. Littafin da kowa ke dogara da shi a wannan yanki shi ne Birds of Western Africa na Nik Borrow da Ron Demey. Yana da tsada, amma mutum uku za su iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya.

3. San 'yan gida tukuna

Wannan matakin ne mutane ke tsallakewa, kuma shi ke sa sabon shiga ya yi ta shelar ya ga abin mamaki alhali ɗan unguwa ya gani. Ka ba makonninka na farko ga tsuntsayenmu na gida: kurciya, hasbiya, bardo, cilakowa, ragon maza, zakaran ƙeƙuwa, zalɓe, ƙirinjijiya, kazar ruwa, shirwa. Kallonsu za ka yi da madubi kamar ba ka taɓa ganinsu ba. Ina tsawon baki, wane launi ne ƙafa, yaya yake tashi, a ƙasa yake kiwo ko a reshe.

Daga nan ka koyi baƙin da ke ko'ina a rani. Motacilla flava, ɗan siriri mai rawayan ciki da ke kaɗa jela yana bin ƙafar shanu a fadama. Saxicola rubetra, mai farar gira, da ke zama a kan karan dawa bayan girbi. Actitis hypoleucos, mai rausaya gindi a bakin ruwa. Tringa glareola, mai ƙafa ruwan ɗorawa da ɗige-ɗige a baya. Circus aeruginosus, babban mafarauci mai shawagi ƙasa-ƙasa a kan ciyawar ruwa da fukafukai a ɗage. Ranar da biyar ɗin nan suka zama ba sai ka buɗe littafi ba, ranar ce idonka zai fara tsayawa a kan wanda ya fita daban.

4. Kama wuri ɗaya ko biyu

Zaɓi inda za ka iya zuwa a kai a kai ba tare da kuɗin mota ya dame ka ba. Kowane irin wuri da baƙinsa.

Bakin ruwa. Dam ɗin Kubanni da ke cikin Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru shi ya fi sauƙi ga mai koyo, ga kwanciyar hankali. Akwai tafkin Bomo, akwai fadamun Galma ta wajen Dakace, da dam ɗin Zariya a kan Galman. Abin nema a duk waɗannan shi ne inda ruwa ya janye ya bar taɓo mai laushi, da inda ciyawar ruwa ta yi duhu. Tsakiyar ruwa mai zurfi ba shi da wani abin kallo sai jefi-jefi. Cikin garken ƙirinjijiya ka bi su ɗaya bayan ɗaya, don a nan ƙaramar agwagwar Turai Spatula querquedula ke ɓuya, namijinta da farin zane daga ido zuwa ƙeya. Ka riƙa ɗaga kai saboda Pandion haliaetus, mai farin ciki da baƙin zane a ido, wanda ke faɗawa ruwa da ƙafa ya suri kifi. A cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa lokacin wucewa ana iya tayar da Gallinago media, mai dogon baki da fari a gefen jela, wanda yawansa ke raguwa a duniya.

Gargaɗi a nan: kada ka shiga ruwan dam ko kududdufi da ƙafa don ka matso kusa. Tsargiya a irin wannan ruwa mai kwanciya ake ɗaukarta.

Gonakin da aka girbe, irin na wajen Shika da Bomo. Nan ne wurin Lanius senator, mai jan kai da baƙin ido kamar ya sa tozali, yana zaune a kan ƙaya yana jiran fara. Nan ne kuma za ka yi fatan Circus macrourus, wanda namijinsa fari-fari ne da ɗan baƙi siriri a bakin fiffike. Inda aka ƙone ciyawa kwana ɗaya ko biyu da suka wuce, tsaya ka duba da kyau, ƙwari sun fito fili kuma tsuntsaye sun sani.

Itatuwa. Ba kowace bishiya ce ke tara baƙi ba, kuma sanin wannan zai rage maka wahalar wuya. Gawo shi ne sarki, domin a rani yake ganye lokacin da sauran suka kaɗe, ƙwari su taru a kansa, ƙananan baƙi su biyo su. Bagaruwa ma haka, sai ɗorawa idan ta yi fure wajen Fabrairu da Maris, da ɓaure ko ceɗiya mai nunannun 'ya'ya. Darbejiya da turare kuwa, duk inuwarsu, kusan fanko suke, wuce su. A ƙarƙashin manyan itatuwa irin na lambun tsirrai na jami'a ka nemi Ficedula hypoleuca, mai zama shiru a reshen ƙasa yana ɗan ɗaga fiffike ɗaya, da Phoenicurus phoenicurus mai jar jela da ke karkarwa. Idan ka yi babbar sa'a, Jynx torquilla, mai launin ɓawon itace, zai sauko ƙasa cin tururuwa.

Dutse. Kufena ta wajen Wusasa da duwatsu irinsa su ne inda ake neman Monticola saxatilis da Monticola solitarius. Ba su da yawa, kana iya hawa sau da dama ba ka gamu da ko ɗaya ba. Ka tafi da abokin tafiya, kuma ka kula da inda kake sa hannu da ƙafa a tsagar dutse saboda maciji.

5. Yi sallama kafin ka fito da kaya

A halin da ake ciki, baƙon fuska da madubin hange a bayan gari abin tsoro ne ga mutane, kuma suna da hujja. Kada ka ciro komai daga jaka sai ka gaisa da wanda ka tarar. Idan dattijo ne a lambunsa: “Sannu da aiki, Baba. Tsuntsaye nake kallo, irin masu zuwa da sanyi. Ko zan iya bi ta gefen nan?” Buɗe masa littafin ya gani, ka miƙa masa madubin ya leƙa. Sau da yawa shi zai ce maka, “Ai yaro, da ka zo da sassafe ta wajen raken can suke sauka.” Mai lambu da masunci da makiyayi kullum suna wurin, labarinsu ya fi na kowace manhaja sabunta.

Idan wurin kusa da ƙauye ne kuma za ka riƙa zuwa, je ka gai da mai unguwa sau ɗaya, ka sanar da 'yan sintiri. A cikin jami'a ka gaya wa masu tsaro abin da ya kawo ka. Katin shaida ya kasance a aljihunka. Kada ka taka kunyar albasa ko tumatir, bi ta kan iyaka. Kada ka juya gilashi wajen gidajen mutane ko inda mata ke wanki. Barikin soja da filin kwalejin koyon tuƙin jirgin sama kuwa, ko wane irin tsuntsu ne ya sauka a katangarsu, bar shi. Dazukan yamma ta wajen Giwa zuwa Birnin Gwari ba wurin yawon kallon tsuntsu ba ne, sai mutanen yankin da kansu sun tabbatar maka da lafiyar hanya. A gida kuma ka faɗi inda za ka da lokacin dawowarka.

Yara za su biyo ka, wasu da danƙo a wuya. Bar su su leƙa madubi, amma kada ka taɓa ba da kuɗi don a kamo maka tsuntsu. Ka biya sau ɗaya, gobe tarko zai cika fadamar.

6. Yadda ake matsawa kusa

Sa rana a bayanka. Da safe ke nan ka shiga wurin ta gabas kana fuskantar yamma. Wannan kaɗai ya raba hoto mai launi da baƙin dodo a kan reshe.

Yi taku goma, ka tsaya, ka saurara, ka share wurin da ido kafin madubi. In ka ga motsi, kada ka sauke idonka daga kansa, ɗago madubin ya zo ya sami idon. Masu koyo kan sunkuya su dubi madubin, kafin su ɗago tsuntsu ya ɓace.

Kada ka nufi tsuntsu kai tsaye. Bi ta gefe kamar wucewa za ka yi, kana rage tazara a hankali, kana fakewa da kara ko bishiya. Idan ya daina kiwo, ya miƙe wuya, ya fara kallonka, ka kai iyaka. Tsaya ko ka tsuguna har ya koma cin abincinsa. A bakin taɓo dabarar da ta fi ita ce ka sami wuri ka zauna ƙasa ka yi shiru na minti ashirin. Masu kiwon bakin ruwa da kansu za su tako har gabanka.

Dalilin da ya sa nake matsa wa mutane a kan wannan: ɗan tsuntsun da bai wuce giram 20 ba, a Maris da Afrilu kitse yake tarawa, wani har ya kusa ninka nauyinsa, don ya ƙetare hamada mai faɗin kusan kilomita 2,000. Duk tashin da ka sa shi ya yi, daga guzurinsa ka ɗiba. Saboda haka babu jifa don ya tashi a ɗauke shi a sama, babu bin sa daga bishiya zuwa bishiya bayan ya gudu sau biyu, kuma kada ka yi ta kunna masa kukan ɗan'uwansa a waya.

7. Saita kyamara tun kafin ka gan shi

Fita daga Auto. Juya zuwa S a Nikon ko Tv a Canon, inda kai ke zaɓar saurin ƙiftawar kyamara. Tsuntsu a zaune, 1/500 zuwa 1/800 na daƙiƙa. Mai tsalle-tsalle a cikin ganye, 1/1000. Mai tashi, 1/1600 zuwa 1/2000. Bar ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, ya zaɓi kansa, amma ka sa masa iyaka: 800 a ƙananan kyamarori masu jawowa, 3200 a manya. Hoto mai ɗan yashi-yashi ana gane tsuntsu a cikinsa, wanda ya yi rawa kuwa sai shara.

Fokas ka mayar da shi ɗigo ɗaya a tsakiya, ka ɗora a kan ido ko kai. In ka bar wa kyamara zaɓi, ganyen da ke gaba za ta kama. Don mai tashi, kunna fokas mai bin motsi, AF-C a Nikon, AI Servo a Canon, tare da ɗauka a jere.

Maɓallin +/- shi ne abokinka a hunturu. Sararin sama ya yi fari fat, kyamara za ta rage haske, tsuntsun ya fito baƙi ƙirin. Ƙara +1, wani lokaci har +2. Farin tsuntsu a kan ruwa mai duhu kuma rage zuwa -1, in ba haka ba gashinsa zai ƙone ya zama farin fili. Ka tuna ka mayar da shi sifili bayan ka gama, wannan mantuwar ta ɓata wa mutane da yawa safiya guda.

Masu P900 da irinta, kada ku jawo har ƙarshe sannan ku fara neman tsuntsu. Ku same shi a faɗi tukuna, sannan ku jawo. Kuma da rana ta take, iskar da ke tashi daga ƙasa mai zafi tana narkar da duk hoton nesa, tsadar gilashi ba ta maganin wannan. Matsowa ko dawowa da safe ne kawai magani. Mai babbar kyamara kada ya canja gilashi a fili lokacin ƙura.

8. Ga baƙon ya bayyana

Ɗauki hoto nan take daga inda kake tsaye, komai nisa. Hujja ce kake nema da farko, kyau ya biyo baya. Sai ka kalle shi da madubi sosai, sannan ka fara matsawa, kana ɗauka duk bayan 'yan taku.

Nemi kusurwa dabam-dabam: gefe, baya, fuska, ƙafa, jela a buɗe, da ƙarƙashin fiffike idan ya tashi da kansa. Hoto goma na gefe ɗaya bai kai uku na gefe uku amfani ba. In akwai wani tsuntsu sananne kusa da shi, haɗa su a hoto ɗaya don a ga girma. In yana kuka, ɗauki sautin da waya. Kafin ka buɗe littafi, rubuta abin da idonka ya gani, domin da zarar ka kalli zane, zuciya za ta fara ƙara wa tsuntsun abin da ba shi da shi.

Duba ƙafafunsa. Idan akwai zobe na ƙarfe ko na roba mai launi, yi ƙoƙari lambar ta fito a hoto, ka lura da wace ƙafa ce da jerin launukan. Masu bincike ne suka sa, kuma ana kai rahoto ta shafin EURING, ƙungiyar masu sa wa tsuntsaye zobe ta Turai, su kan aiko maka da labarin inda aka sa masa zoben. In ka ji an kama mai zobe ko mai 'yar na'ura a baya ana cewa na leƙen asiri ne, yi wa mutane bayani cikin ladabi.

9. Tantance shi da tsanani

Fara da zaton cewa ɗan gida ne ko baƙon da aka saba, sai hoto ya tilasta maka ka canja. Ga inda aka fi zamewa a yankinmu.

Kurciyar Turai, Streptopelia turtur, tana da zanen baƙi da fari a gefen wuya, gashin fiffikenta kuma ja-ja ne mai baƙin tsakiya kamar ɓawon kifi. In babu zanen wuyan, duba kurciyoyinmu na gida tukuna. Shirwa mai baƙin baki ba lallai ta Turai ba ce, domin 'ya'yan tamu mai rawayan baki ma da baƙin baki suke farawa. Oenanthe oenanthe na Turai yana da ɗan'uwa na Afirka, Oenanthe heuglinii, wanda ya fi shi duhu kuma yana son ƙonannen fili. A kan dutse akwai ɗan gida mai jan ciki da doguwar jela da fari a kafaɗa, shi ake yawan ɗauka a matsayin Monticola saxatilis, alhali baƙon gajeriyar jela gare shi. Matan Circus macrourus da Circus pygargus kuwa har ƙwararru suna gardama a kansu, sai da hoton fuska da na ƙarƙashin fiffike. A maza abin da sauƙi: pygargus yana da baƙin layi a tsakiyar fiffike, macrourus ba shi da shi.

Merlin na taimakawa, amma shawara yake bayarwa, kuma a kan kukan tsuntsayenmu yana yawan kuskure. Abin da bai tabbata ba ka rubuta shi a matsayin wanda bai tabbata ba, ka tura hoton ga waɗanda suka fi ka. Cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos da masu aikin taswirar tsuntsayen Najeriya suna da mutanen da wannan ne aikinsu.

10. Rubuta, ka aika

Kowace fita ka rubuta kwanan wata, wuri, lokacin farawa da gamawa, da duk tsuntsun da ka gane tare da adadinsa, har da kurciya da hankaka. Sai ka shigar a manhajar eBird, ko a BirdLasser da ake amfani da ita a aikin taswirar tsuntsayen Najeriya. A tsarin taswirar an yanka ƙasa gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9 tsawo da faɗi, kuma cikakken kati, wato jerin tsuntsayen da ka gani a gida ɗaya, yana buƙatar aƙalla awa 2 na nema a cikin kwana 5. Idan ka shigar da tsuntsun da ba a saba gani ba za a nemi hujja. Kada ka ji haushi, kowa ake tambaya.

Wajen gyaran hoto, yanke gefe da ɗan ƙara haske ya isa. Kada ka ƙara launi, don launin ne ake tantancewa da shi, kuma ka adana na asali. In za ka sa a Facebook ko WhatsApp, faɗi unguwa kawai. Ainihin bishiyar da kurciyoyin Turai ke kwana ko lungun da agwagi ke sauka, masu bincike kaɗai za ka gaya wa, domin maharba ma suna da waya.

11. Kayanka bayan ka dawo

Hure ƙura da famfon roba kafin ƙyalle ya taɓa gilashi. Ƙurar hunturu yashi ce mai laushi, in ka goge ta a bushe da gefen riga za ta kankare fuskar gilashin, kuma ba a gyarawa. Kwashe hotuna zuwa kwamfuta ko waya a ranar, ka sa wa jakar suna da kwanan wata da wuri, ka sa batir a caji duk lokacin da aka kawo wuta. Idan damina ta shigo, kada ka kulle madubi da kyamara a cikin jaka a lungun ɗaki. Sa su a roba mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu shanye danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi ko na magani, ka riƙa fito da su suna shan iska duk mako biyu har zuwa Satumba.